Idan abokin karatunka ya shiga matsananciyar damuwa: abin yi daki-daki a Damagaram

Saƙonnin da ɗaliban Jami'ar André Salifou ke turo mini a kan wannan batu kusan kala ɗaya ne. Wani ya ce abokin ɗakinsa a site, wato ɗakunan kwanan ɗalibai, ya yi mako uku bai leƙa amfi, zauren ɗaukar darasi, ba, kullum yana kwance fuska ga bango. Wata ta ce ƙawarta ta rubuto mata da ƙarfe biyun dare cewa ta gaji da duniya, a yafe mata. Wani kuma delege ne, wato wakilin aji, ɗan ajinsu ya fara magana shi kaɗai, yana cewa ana bin sa. Tambayar dai ɗaya ce: da me zan fara, wa zan kira, nawa zan riƙe a aljihu?

Tausayi muna da shi, jerin aikin ne ke kuɓuce mana. Mukan fara da nasiha, in ta ƙi ci a tafi wurin malam, in abin ya ci tura a kira gida, asibiti sai can ƙarshe bayan an ɓata wata biyu. A nan za mu juya shi: rai da jiki tukuna, sannan magana, sannan asibiti. Duk abin da na faɗa a kan namiji haka yake ga mace, sai inda na ware.

1. Duba jikinsa kafin ka buɗe baki

Akwai yanayin da ba a zaman hira a kansa, asibiti ake nufa nan take. In ya sha ƙwayoyi da yawa ko wani abu mai guba, ko ya ji wa kansa rauni. In jikinsa da zafi kuma yana sambatu, ko wuyansa ya sanƙare. In yana jijjiga, ko ana tashinsa ba ya farkawa. In ya ɗauki makami yana barazana ga kansa ko ga wani.

Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ta ƴan sanda 17. Ka kira, amma a lokaci guda wani ya fita neman adaidaita sahu ko motar maƙwabci, wanda ya riga zuwa da shi za a tafi. Ku wuce urjans, wato sashen gaggawa, na Babban Asibitin Ƙasa na Zinder kai tsaye, ba sai da takardar kowa ba.

Gargaɗi: wanda ya sha guba ba a sa shi amai. Ba a ɗura masa madara, ko man gyaɗa, ko ruwan gishiri, ko tsamiya. Abin da ya sauka cikin ciki in ya dawo yana iya shiga huhu. Ku ɗauki kwalbar ko kwalin abin da ya sha ku tafi da shi, ku riƙe lokacin da ya sha. Kada kuma ganinsa garau ya ruɗe ku: wasu ƙwayoyin, irin su farasitamol in an sha da yawa, ranar farko mutum yana ta hira, sai bayan kwana biyu ko uku hanta ta fara lalacewa. Marar lafiyan da jiri ke ɗiba ba a ɗora shi a kabu-kabu daga shi sai mai tuƙi.

Batun zazzaɓi yana son a tsaya a kansa. Da damina zazzaɓin cizon sauro kan hau kai. Daga hunturu zuwa bazara kuma lokacin sanƙarau ne, wanda jihar Zinder ta sha fama da shi, har a ƙarshen 2022 da farkon 2023. Wanda jiya kuka ci tuwo tare lafiya lau, yau bai san inda yake ba kuma jiki rau, kada kowa ya yanke masa hukuncin taɓin hankali ko iska kafin a gwada jininsa.

In jijjiga ce, kwantar da shi a gefe, ka janye abin da zai buge shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. Duba agogo, in ta wuce minti biyar, ko ta dawo bai farfaɗo ba, lamarin ya yi tsanani. Tramol yana jawo irin wannan jijjigar. In ka san yana sha, ka faɗa wa likita. Rufa masa asiri a wannan wurin cutar da shi ne.

2. Rarrabe gajiya da ciwo

In babu ko ɗaya cikin waɗancan, kana da lokaci. Kowane ɗalibi yakan shiga ƙunci: bursi, wato kuɗin tallafin karatu, ta makara, shekarar karatu ta ja, sakamako ya fito ba yadda aka so ba, gida ana jiran a turo abin da babu. Wannan yakan lafa in an kwana biyu.

Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi mako biyu ne. Baƙin ciki ko rashin sha'awar komai kusan kowace rana har mako biyu ko fiye, tare da lalacewar barci da ci, kasala, kasa riƙe karatu, da ganin kai ba shi da amfani. A rayuwar site ga yadda abin ke bayyana: tikitin resto, wurin cin abincin ɗalibai, na taruwa a aljihunsa, ya daina zuwa fada shan shayi, waya kullum a kashe, mai tsafta ya bar wanka, mai sahun gaba ya daina fitowa jam'i.

Akwai kuma kishiyar haka. Kwana uku bai runtsa ba kuma bai gaji ba, magana ba tsayawa, kuɗin wata ya ƙare a yini ɗaya, ya ce shi aka zaɓa ya gyara ƙasa. Ko kuma yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, yana zargin an sa masa wani abu a abinci. Waɗannan biyun ka tsallake zuwa mataki na 6 da na 7 yau ko gobe da safe.

Firgita ta farat ɗaya daban take, kuma an fi ganinta ranar jarrabawa: zuciya na dukan uku-uku, numfashi sama-sama, hannu na rawa, mutum ya rantse mutuwa zai yi. Takan kai ƙarshen ƙarfinta cikin kamar minti goma, sannan ta sauka. Fitar da shi daga cikin taro, ka kori masu kallo, ku yi numfashi tare: a ja ana ƙirga huɗu, a saki ana ƙirga shida. In karon farko ne, ko da ciwon ƙirji, a kai shi a duba.

3. Zaman farko

Mutum ɗaya zai yi shi, wanda ya fi yarda da shi. Taron dangi a kan marar lafiya, mutum shida sun zagaye katifa kowa na jefa tambaya, kunya kawai yake ƙara masa. Zaɓi lokacin da rana ta yi sanyi, bayan la'asar ko bayan isha'i, ka ce ya raka ka sayen wani abu. Tafiya kafaɗa da kafaɗa ta fi zaman ido cikin ido sauƙin buɗe baki. Wayarka ta shiga aljihu.

Fara da abin da idonka ya gani, ba da fassararka ba: "Kamarad, na lura kwana goma ke nan ba ka fito resto ba, da dare kuma ina jin kana juyi har kiran assalatu. Me ke faruwa?"

Zai ce, "Ba komai, lafiya lau." Wannan amsar gaisuwa ce, kowa ita zai bayar. A nan mafi yawanmu ke cewa "to, madalla" mu canza zance. Kai ka ce, "To. Ni dai ba sauri nake ba," ka yi shiru. Ƙirga ashirin a zuciyarka in shirun ya yi maka nauyi. Sau da yawa maganar gaskiya bayan wannan shirun take fitowa, a hankali, ana kallon ƙasa.

In ya fara, aikinka saurare ne da maimaita masa abin da ka ji, don ya san ya shiga kunne: "Wato tun da sakamakon nan ya fito kake jin ba ka da fuskar komawa Magariya." Daga nan ka tambayi abubuwa na zahiri. Yaushe rabonsa da barcin kirki? Me ya ci yau? Yana shan wani abu don ya iya karatu ko don ya iya barci? Akwai bashi, ko wani da ke takura masa?

Ga jimlolin da ke rufe ƙofa, duk da da kyakkyawar niyya ake faɗarsu: "Kowa da irin tasa." "Namiji da kuka?" "Raunin imani ne." "Ka tuna abin da aka sayar a gida don ka yi karatu." Ta ƙarshen nan ta fi kowace muni, don ita ce ainihin abin da ke hana shi barci.

Gargaɗi: kada ka yi alkawarin rufe baki ɗungurungum, don za ka iya karya shi a daren. Ka ce: "Maganarka ba za ta je fada ba, ba za ta shiga gurup ba. Amma in na ga ranka na cikin haɗari zan nemo wanda zai taimaka, kuma da saninka zan yi." Kada ka ɗauki hoton saƙonsa ka tura wa kowa, kada ka rubuta a WhatsApp na aji cewa a sa wane a addu'a. Kafin azahar labarin ya zaga fakilte, kuma sunan da za a laƙaba masa zai bi shi har bayan ya warke.

4. Tambayar da kowa ke jin tsoro

In ka ji irin su "gara ba ni," "na zama muku kaya," "ku yafe mini," to ka tambaya ɓaro-ɓaro, da muryar da ka saba magana da ita: "Tunanin kashe kanka yana zuwa maka?"

Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba ya da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha nanata wannan, ita ce kuma ta ce mutum fiye da 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, kuma wannan hanya tana cikin manyan abubuwan da ke ɗauke masu shekara 15 zuwa 29, wato dai shekarun ƴan jami'a. Wanda ke ɗauke da tunanin shi kaɗai, sau tari sauƙi yake ji in an furta masa.

In ya ce e, kada ka zabura, kada ka yi salati da ƙarfi. Ka ce ka ji daɗi da ya faɗa maka, ka ci gaba: Tun yaushe? Ka tsara yadda za ka yi? Abin yana hannunka yanzu? Ka sa lokaci? Ka taɓa gwadawa a baya?

Amsar ita ke nuna saurin da za a yi. Tunani ne ke zuwa yana wucewa, babu shiri: a ga ma'aikacin lafiya cikin kwana ɗaya ko biyu, kuna tare da shi. Akwai shiri, ko ya taɓa gwadawa, ko yana cikin maye: yau za a je, kuma daga wannan minti ba a barinsa shi kaɗai.

Gargaɗi: ya san hukuncin abin a addini, watakila ya fi ka sani, shi ya sa ma ya ɓoye tsawon lokaci. In ka tare shi da zancen wuta, zai yi murmushi ya ce wasa yake, kai kuma ka tafi da kwanciyar hankalin ƙarya. Haka nan ka yi hattara da sauƙin da ya zo kwatsam: wanda ya yi makonni a ƙunci, yau ya tashi fes, yana biyan ƙananan basussuka, ya ba ka kwamfutarsa kyauta, yana bin mutane yana neman gafara. Wannan na iya zama alamar ya yanke shawara.

5. Daren farko

Lokacin da tunanin ke kai wa maƙura yakan zama na awoyi ne, ya sauka. Duk aikin daren shi ne a ƙetare waɗannan awoyin babu abin cutarwa kusa da hannunsa.

Ku kwashe ƙwayoyi kowane iri, maganin ƙwari da na ɓera, abu mai kaifi, igiya. A gabansa za a yi, da yardarsa in ta samu: "Bari in ajiye maka waɗannan a wurina zuwa wani lokaci." A fitar da su daga ɗakin gaba ɗaya, ba a tura ƙarƙashin wata katifar ba. Ku raba daren kashi biyu ko uku, mai gadi ya zauna ido biyu. In zai zaga bayi, wani ya raka shi bakin ƙofa, kuma ba a sa sakata.

Ba shi abu mai sauƙin shiga, kunu ko fura. Shayi mai kauri da kofi a bar su. Ku caza waya tun da wuta, ku sa kuɗin kira, ku karɓi lambar mai adaidaitan da zai ɗaga waya da tsakar dare.

In hankalinsa ya ɗan dawo, ku rubuta takarda ɗaya tare, da hannunsa: alamomin da yake ji in abin zai taso, abubuwa biyu ko uku da ke sanyaya masa rai, lambobin mutum uku da zai kira, da abin da har yanzu yake riƙe shi a duniya, ko da ƙanwarsa ce da ke jiran ya koya mata lissafi. Ya ɗauki hotonta a wayarsa.

Gargaɗi: kada a sayo masa maganin barci wurin masu tallar magani a tire. Ba ka san abin da ke ciki ba, ba ka san abin da ya riga ya sha ba, kuma ka ƙara kawo ƙwaya ɗakin da kuka gama kwashewa. Sa shi rantsuwa da Alƙur'ani cewa ba zai yi ba, shi ma ba ya maye gurbin gadi.

6. Haɗa mutum uku, sannan a kira gida

Wannan kaya ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ana son mutum uku: kai abokinsa, da babba ɗaya a cikin gari, da wani daga danginsa. Babban na iya zama ma'aikacin infirmerin CROU, wato ɗakin shan magani na hukumar kula da walwalar ɗalibai, ko malamin da ɗalibai ke sakin jiki da shi, ko kawun da aka damƙa shi hannunsa lokacin da ya zo karatu.

Shi za ka tambaya: "A gidanku wa ya fi fahimtarka?" Ba lallai mahaifi ba ne, sau da yawa yaya ce, ko gwaggo, ko kawu. In babu haɗari kuma ya ce a dakata, a ɗan dakata. In akwai haɗari, ka faɗa masa za ka kira, ya zaɓi wanda za a kira.

Yadda aka fara wayar shi ne rabin aikin. Bayan gaisuwa: "Baba, ni ne abokin ɗakin ɗanku. Ba ya jin daɗi kwana biyu, barci da abinci sun gagare shi, damuwa ta yi masa yawa. Muna tare da shi, gobe za mu kai shi asibiti. Muna son wani daga gida ya zo." Kalmar hauka kada ta fito daga bakinka. Ka tambaye su ko ya taɓa irin haka, ko akwai mai irinsa a dangi. Likita zai nema.

Gargaɗi: abin da za su fara cewa shi ne a sa shi mota ya taho gida. Kada a sa shi motar Tanut ko Gure shi kaɗai. Ka roƙe su da ladabi a fara ganin likita a Zinder, inda masu aikin suke, in ya so daga baya a tafi da shi da magani a hannu.

Wani lokacin gidan ne tushen ciwon: auren da ba ta so, duka, ko cikin da take tsoron a sani. A nan ba a kiran gida kai tsaye, sai a nemi babbar mace da ta yarda da ita, da ma'aikaciyar lafiya. In fyaɗe aka yi mata, agogo na tafiya: maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. A kai ta asibiti ko Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro a ranar, mace ta raka ta, sauran shawarwari su biyo baya a yadda ita ta so.

7. Zuwa asibiti: hanya, takardu, kuɗi

In ba gaggawa ba, a fara da infirmerin CROU ko CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, mafi kusa, a karɓi takardar turawa zuwa sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na Babban Asibiti. Ku yi sammako. Ku riƙe katin ɗalibi, katin ɗan ƙasa, karnen asibiti, wato ɗan littafin da likita ke rubuta bayaninsa, in yana da shi, kwalayen duk abin da yake sha har na gargajiya, da ruwa da ɗan abin taɓawa, don layi na iya kai ku azahar.

Ka rubuto bayani a takarda tun daga ɗaki: ranar da abin ya fara, awa nawa yake barci, kalmomin da ya furta kamar yadda ya furta su, abin da yake sha. A gaban likita kai kan ɗaure, a manta rabi. Ka bar shi ya fara magana, in an ce ka fita ka fita, amma kafin ku tashi ka tabbatar maganar kashe kai ta shiga kunnen mai dubawa, ko da shi ya tsallake ta.

Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Nijar, saboda haka mai yiwuwa wanda zai duba shi ma'aikacin jinya ne da ya yi karatu na musamman a wannan fanni. Kada ka raina. Su ke riƙe da mafi yawan aikin, kuma sun san inda iyakarsu take.

Kuɗin yakan tafi ne a abin hawa, tikitin ganin likita, karne, gwajin jini, da magani. In an ba shi gado, a ƙara kuɗin kwana da abincin mai jinya. Tun Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin ayyuka da dama a asibitocinta da rabi, don haka ka biya a gishe, wato tagar karɓar kuɗi, ka karɓi rasit, kada ka miƙa wa kowa kuɗi a baranda. Shawarata ku fita da kamar jika goma ranar farko; in ta yi saura, ta maganin wata ce. Ku haɗa tsakanin mutum uku ko huɗu a asirce, ba a zaga amfi da hula ba. A farmasi ka nemi jenerik, wato maganin da ba ya ɗauke da sunan babban kamfani, aikinsu ɗaya da mai tsadar. In babu hali sam, ka tambayi ofishin taimakon marasa ƙarfi na asibitin. Kuɗin da gida za su turo ta Nita ko Amana, a turo da sunan babban da ke tsaye a kan lamarin.

Kafin ku fito, ka samu amsar waɗannan ka rubuta: sunan maganin da yadda ake sha, yaushe zai fara aiki, wace illa ce za ta sa a dawo da gudu, ranar komawa, da inda za a nufa in abu ya taso da dare. Ka nemi takardar hutun rashin lafiya a ranar.

Gargaɗi: in ya birkice ya ƙi tafiya, mutum ɗaya ya yi magana, sauran su ja baya, a bar masa hanyar ƙofa. Kada ka yi gardama da shi a kan muryoyin da yake ji, kada kuma ka ce kai ma kana ji. Ka ce, "Na ga kana cikin tsoro. Mu je a duba rashin barcin nan." Ɗauri da duka ƙara tunzura shi suke yi. In ya fi ƙarfinku, a kira 18 ko 17.

8. Makonnin farko na magani

Maganin ciwon damuwa ba ya aiki ranar da aka fara shi. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokacin shida, illolinsa kuwa, bushewar baki, tashin zuciya, jiri, su ke riga amfanin zuwa. A mako na farko ne zai ce ba ya yi masa komai. A wata na biyu kuma zai ce ya warke. Duka biyun ba lokacin dainawa ba ne. Kamar sauke tukunyar wake ne da tafasar farko. Ana ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi, kuma likita ne ke rage shi sannu a hankali.

Maganin ya zauna a hannun wani, a riƙa ba shi na kwana biyu ko uku, don wasu daga cikinsu suna da haɗari in an sha da yawa. Ga masu ƙasa da shekara 25, a ƙara sa ido a makonnin farko: in ya kasa zama wuri ɗaya, ko mugun tunanin ya ƙaru, a koma ba sai ranar ta cika ba.

Gargaɗi: wasu magungunan da ake ba masu jin muryoyi kan sa wuya ya murɗe, harshe ya yi nauyi, ido ya kafe sama. Abin tsoro ne a ido, kuma nan take wani zai ce aljanu sun tashi. Illar magani ce, asibiti suna da abin da ke warware ta cikin ɗan lokaci. In azumi ya zo, a tambayi likita yadda za a gyara lokutan sha.

Ƙwaya ba ta biyan bashi, ba ta gyara tsakaninsa da gida. Ka tambaya ko akwai mai zaman tattaunawa da marasa lafiya, a sa masa ranaku. In babu, ma'aikacin da ke duba shi ya riƙa ba shi lokacin magana a kowace komawa, ku kuma ku ɗauki matsala ɗaya ta zahiri, ku rage mata nauyi.

9. Malam da addu'a

Iyaye za su so a je wurin malam, shi ma watakila yana so. Ban ga dalilin faɗa a kan haka ba. Addu'a da karatu suna sanyaya zuciyar mai imani, kuma limamin da ya san ya kamata yana iya sa uba ya yarda da asibiti fiye da yadda kai za ka iya. Sharaɗi uku ne kawai ba a sassautawa: ba a ajiye maganin likita, ba duka ko mari a ƙafa ko hayaƙin da ke shaƙe mutum, kuma duk jiƙon da za a ba shi likita ya sani. Wanda ya ce sai an zubar da ƙwayoyi kafin aikinsa ya ci, ko ya yanka kuɗin da sai an sayar da gona, a nemi wani.

10. Kare masa shekarar karatu

Wannan matakin ake mantawa, sai mutum ya warke ya tarar an rubuta masa sifiri. Kai takardar likita wurin shugaban sashe da ofishin sikolarite, mai kula da rajista da sakamakon ɗalibai, cikin kwanakin farko, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a kan wadda za ka riƙe. Ba dole ba ne takardar ta faɗi sunan ciwon. Cewa ba zai iya karatu na kwana kaza ba ta isa. Ka tambayi yadda za a yi da jarrabawar da ta wuce shi da zagaye na biyu, ka kuma tambayi abin da dakatar da shekara zai jawo wa bursi da ɗakinsa kafin a sa hannu a komai. Delege ya riƙa ajiye masa kwafin darussa.

In ya ce ya bar karatu har abada, ka ce a bar zancen sai bayan wata biyu. In zai koma, ya fara da darasi ɗaya a yini.

11. Bayan an sallame shi

Makonnin da ke biye da fitowa daga asibiti suna cikin mafi haɗari, kuma daidai lokacin ne masu zuwa dubiya ke watsewa. Ku raba ranaku: mako na farko kullum wani ya gan shi ido da ido, bayan haka sau biyu ko uku a mako. Ba sai an yi zancen ciwo ba; ku ja shi resto, ku ja shi kallon ƙwallo. Lokaci zuwa lokaci ka sake yi masa tambayar mataki na 4, yanzu ta zama mai sauƙi tsakaninku. Ranar komawa asibiti a sa ta a wayar mutum biyu.

Kai ma ka duba kanka. In ka fara kasa barci, ko karatunka ya tsaya, ka miƙa ragamar ga na biyunku na ƴan kwanaki, ka sami wanda za ka yi wa magana, ko da ma'aikacin da ke duba abokin naka ne.

In hutu ya gabato kuma zai tafi gida, ku je asibiti mako guda kafin tafiya. A rubuta masa maganin da zai kai shi har dawowa, don ba kowane ƙauye ake samunsa ba, a ba shi takardar da zai nuna a CSI ko asibitin gundumarsu, a damƙa maganin hannun wanda ya zo daga gida tare da bayanin yadda ake sha, kuma lambar wannan mutumin ta kasance a wayarka.